Abin da Na Ƙi Rubutawa a Jikin Injin Wake

Kawu ba mai haƙuri ba ne, kuma ba mai gyara ba ne. Gara in faɗa tun daga farko, don ni ban iya zagaye-zagaye ba.

Kwana uku na yi zaune a tsakar gidanshi a Kurfi, mata na shigowa gaisuwa da maganganun nan biyu kamar a ƙofar gida ake raba masu. "Allah ya jiƙan Malam, bawan Allah mai haƙuri." "Ayya, Malam mai gyara. Yanzu wa zai duba mana injin markaɗe?" Wata tsohuwa daga bakin kasuwa har da rantsuwa, wai da hannunshi ya tayar mata da keken ɗinki bayan kowa ya ce ya mutu. Na san keken. Ni na gyara shi ina aji huɗu na sakandare, Kawu na zaune kan benci yana ɓare gyaɗa, yana ce mani ko sukuddireba ban iya riƙewa ba. Na buɗe baki zan faɗa, Inna ta sa yatsu biyu ta murɗe mani cinya ta ƙarƙashin hijabi. Inna ce mahaifiyata, ƙanwar Kawu ciki ɗaya, kuma ta san bakina.

"Gidan makoki ne," ta ce a hankali. "Haɗiye."

Na haɗiye. Shi ne yanzu nake fito da shi a takarda.

Ta bayan katanga muna jin maza. Wani malamin makaranta ya yi ta jero ɗaliban Kawu: wane yana jami'a, wance ta kusa zama injiniya, wane ya buɗe wurin walda. Duk gaskiya ne. Amma bai ambaci waɗanda suka gudu ba, kuma ni ina cikinsu. Shekara biyu rabon da in taka rumfar Kawu. Ranar da ya rasu ina Dutsin-Ma, a shagon da nake aiki, ina buga wa wani ɗalibin jami'a takardar kammala karatunshi a kwamfuta. Da hantsi Inna ta kira. Kafin motar Kurfi ta cika, kafin mu gama ratsa ruwan da ya kwanta a hanya, an riga an kai shi. Ko makarar ban gani ba.

Kawu malamin zanen fasaha ne, irin zanen da ake yi da rula da awo kafin a ƙera abu. Da ya yi ritaya sai ya kafa rumfar kwano a gefen gidanshi, ya sa benci biyu da wani faffaɗan tebur. Asabar da Lahadi yakan tara 'yan ajin kimiyya na Kurfi da na Dutsin-Ma, maza da mata, ba su taɓa wuce goma ba. Ba na ɗayan aji yake nema ba. Ya ce na ɗaya ya riga ya sami mai yabonshi. Mai ƙiriniyar hannu yake nema, wanda ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi.

Ni injin taliyar Inna ne ya kai ni. Na kwance shi ɗaiɗai wata Juma'a don in ga abin da ke jan ƙullun ciki. Inna ta kai ƙarata wurin yayanta har da ƙwalla.

"Ta mayar da shi?" in ji Kawu.

"Ta mayar, amma ga noti biyu sun yi saura."

"Yana aiki?"

"Yana yi, Yaya, amma ai ba ita ce maganar ba."

"Ita ce maganar. Turo mani ita ran Asabar, ta taho da notin."

Ranar farko ya dire mani buta a kan tebur, ya ce in zana ta daga sama, daga gaba, daga gefe. Kafin sauran su gama fere fensir na ce na gama. Ya duba takardar, ya dube ni.

"Ina awon?"

"Kawu, ai kowa ya gani ya san buta ce."

Ya cire hularshi ya maka ta a kan tebur, fensirin da yake soƙewa a gefenta ya yi tsalle ya faɗa ƙasa. "Mai walda ba kowa ba ne. Idan kika kai mashi wannan, zai iya ƙera maki buta, zai iya ƙera maki tanki. Sake, Gaggawa." Daga ranar sunan ya bi ni. Hular nan kuwa ta sha tebur fiye da yadda ta sha kai. Wannan shi ne mutumin da ake ce wa mai haƙuri.

Aikinshi hawa huɗu ne, ba a tsallake ko ɗaya: takarda, kwamfuta, kwali, sannan ƙarfe. Yakan ce kuskuren takarda magogi ke cinye shi, kuskuren ƙarfe shi ke cin yatsa. Kafin ma a taɓa takardar akwai wani sharaɗi. Duk wanda za a ƙera wa abu, sai an je an zauna an kalli yadda yake aikin da hannunshi. "Ku je ku kalli hannun," haka yake cewa. "Kada ku yi mashi surutu. Ku kalla."

Kwamfutar wani tsohon ɗalibinshi ne ya aiko da ita, da manhajar zane a ciki. A lokacin Kawu furfura ta gama cin gemunshi. Ya sauka daga kujerarshi ya zauna a bencinmu, ya ce mu koya mashi. Ban taɓa ganin ɗalibi mai faɗa irinshi ba. Da yatsa ɗaya yake dannawa, in ka kai hannu za ka taimaka ya buge shi. "Kada ki danna mani. Faɗa mani." Ranar da butar nan ta fito a fuskar kwamfuta, ya ja ta ta juya ya ga gindinta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Rayuwata duka ina fama da yara su juya abu a cikin kansu, ga akwati yana yi ba ko gumi."

Sai ya rufe ta. "Amma ku sai kun juya a kai tukuna."

Bai taɓa ba mu amsa ba. Ko sau ɗaya. In abu ya ƙi, sai ya ɓare gyaɗa ya ce, "To, sake dubawa." Mutanen gari su kawo fanka ko famfon feshi, ya tura mana, ya zauna yana kushe mu har abin ya tashi. Mai kaya ya dawo ya yi mashi godiya, shi kuwa ya nuna mu da haɓa. Ba wanda ke kallon inda haɓar ta nuna.

Bangon rumfar shi ne abin da nake son a sani. Duk abin da ɗalibi ya ƙera ya yi aiki, Kawu ba ya barin shi ya kwana. A ranar za a kai wa mai shi. Wanda ya ƙi aiki kuwa, shi ake ratayewa a bango. Kafin a rataye, wanda ya ƙera zai ɗauki farin fenti ya rubuta a jikinshi, da hannunshi, dalilin da ya sa ya ƙi. Layi ɗaya tak. "Ban auna nauyin ruwan ba." "Na sa ƙusa inda ya kamata in sa noti." "Ban tambayi mai gonar tsawon kunyarshi ba." Sabon ɗalibi ba ya taɓa komai a Asabar ɗinshi ta farko sai ya karanta bangon nan daga kusurwa zuwa kusurwa. Kawu ya ce su ne manyan malaman rumfar, shi mai gadi ne kawai. To da yake abin da ya mutu kaɗai ke zama, duk wanda ya leƙo sai ya ga tarkace. Haka aka yi ta faɗa a gari, a bayan idonshi, wai Malam na da kirki amma ba abin da ya taɓa ƙerawa ya yi aiki.

Kowane ɗalibi yana da fayil na zane-zanenshi. Kawu ya ce takardar sakamako tana faɗin abin da ka haddace, fayil yana faɗin abin da ka iya. Da fayil ɗin nan yake hawa tsohon babur ɗinshi ya bi iyaye gida-gida. Wani ɗalibin, Kawu ya ce wa ubanshi kada a matsa mashi sai jami'a, hannunshi na walda ne, ya kai shi wurin mai walda da kanshi. Wata yarinya daga Makera kuwa, ubanta ya ce sakandare ta isa, ta zauna ta taya uwarta sana'a. Ina bayan babur ranar, ni ke riƙe da fayil ɗin. Muka tarar da uban a gona yana noma. Ya ce ba shi da lokacin magana. Kawu ya ce ba komai, ya naɗe riga, ya ɗauki fartanya ya shiga kunya ta gaba. Kawu bai iya noma ba. Kunya uku ya yi, uban na satar kallonshi, can ya kasa daurewa.

"Malam, don girman Allah ajiye fartanyar nan. Waken kake sarewa, ciyawar kake bari."

"Sai ka duba zanen ɗiyarka."

"Na duba. Na yarda. Ajiye."

Yarinyar nan ta zo gaisuwa rana ta biyu, daga makaranta kai tsaye. Ita kaɗai ce ba ta ce mai haƙuri ba. Ta durƙusa gaban Hajiya, matar Kawu, ta tashi.

Yanzu sai tawa.

Da na gama sakandare ina jiran jarabawar shiga jami'a, Kawu ya ce in ƙera abu ɗaya babba da zan rufe fayil ɗina da shi. Na zaɓi injin casar wake na hannu, saboda Gwaggo. Gwaggo yayar babana ce, tana Karofi. Kowace kaka takan zuba wake da ɓawonshi a buhu ta yi ta bugu da sanda har kafaɗunta su kumbura. Injin ba wani abin mamaki ba ne: ganga ce mai yatsun ƙarfe tana juyawa cikin raga, a zuba wake ta sama, a juya mariƙi, ƙwaya ta zubo ta ƙasa. Sau shida ina yi yana ƙi. Sau shida na rubuta da farin fenti, ina cika ina batsewa. Na bakwai aka yi da ƙarfe. Muka gwada shi a rumfa da waken da na sayo a kasuwar Kurfi, ya zubo fes.

Kawu ya ce, "Kin je kin kalli hannun Gwaggonki?"

"Kawu, tun ina goye nake ganin hannun Gwaggo."

"Ban tambaye ki tarihi ba. Kin je?"

Na ce na je. Ban je ba. Na gaji ne, ina son a gama.

Babur biyu suka kai mu Karofi, ni da Kawu da injin. Matan unguwa suka cika gidan. Gwaggo don murna da alfahari ta shiga ɗaki ta jawo buhun da ta fi ji da shi. Ban tambaye ta wane wake ne ba. Na zuba, ta kama mariƙi ta juya. Ƙarar ta yi mani daɗi. Ina ta kallon fuskokin matan, ban kalli ƙasa ba. Sai da buhun ya kusa rabi wata ta ce a tsaya. Abin da ya zubo duk a fashe yake, kowace ƙwaya ta rabu biyu. Gwaggo ta duƙa ta ɗebo a tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

"Irin baɗi ne," ta ce.

Wake fasasshe ba ya tsira, kowa a wurin ya sani. Ni kuma, da bakin nan nawa, na ce, "To ai ba a yi asara ba, Gwaggo, sai a yi ƙosai."

Wasu suka yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Na dubi Kawu ina jiran hula ta sha ƙasa. Bai cire ta ba. A nan na san abin ya yi nisa.

Da muka koma rumfa ya ɗauko gwangwanin fenti da buroshi ya ajiye gabana.

"Rubuta."

"Injin lafiyarshi lau. Gwaggo ce ta juya da ƙarfi kamar mai daka."

"To rubuta haka, in kin yarda haka ne."

Ban ɗauka ba. Na ce ko kuma waken ne ya bushe da yawa.

"Wake bai yi makaranta ba, Gaggawa. Gwaggonki ma ba ta yi ba. A cikinku ku uku, ke kaɗai aka koya wa awo."

"Kai ka san dalilin?"

"Na sani."

"To ka faɗa mani mana, in rubuta a wuce wurin."

"A'a."

Abin da na ce daga nan, Inna ma ban taɓa faɗa mata ba. Na ce shi ya sa duk gari ke cewa ba abin da ya taɓa ƙerawa ya yi aiki. Na ce shi dai tara mushe ya iya. Na ɗauki jakata na fita, fayil ɗin ma ban waiwaye shi ba. Jarabawar ta zo ta wuce ban zauna ba. Na sami aikin buga takardu, na ce wa kaina ai duk kwamfuta ce.

Kawu bai aiko a kira ni ba, bai kai ƙarata ba. Duk lokacin da Inna ta je Kurfi sai ta dawo da saƙo guda, ba ya canzawa: "Yaya ya ce a faɗa maki fentin bai bushe ba." Ita ba ta san ma'anarshi ba, ni kuma ban bayyana mata ba. Da Babbar Sallar da ta wuce na je gaishe shi tare da su Inna, a cikin gida, don na ƙi bi ta gefen rumfa. Ya rame, wuyan rigarshi ya yi mashi yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi aiki. Da za mu tafi ya ce, "Gaggawa, fentin fa."

Na ce, "Kawu, aiki ya yi mani yawa."

Ya ce, "To."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Wata guda ya ƙara a duniya.

A rana ta uku da rasuwar, bayan an yi addu'a an watse, na ɗauki bahon wanke-wanke na zagaya bayan gida in zubar. Damina ce, tun safe ake yayyafi. Can jikin katanga na ga tuli, ya kusa kai ƙirjina. Na ɗauka itace ne. Sai na hango farin rubutu.

Ashe tun ranar farko, da ruwa ya hana maza zama a ƙofar gida, aka ce a share rumfar Malam a shimfiɗa tabarmi, tunda ita ke da rufin kwano. Aka sauke bangon kaf, aka watso shi nan. Ba da mugunta ba. Baƙi ake son a mutunta. Na kwali duk sun jiƙe sun narke, rubutunsu ya bi ruwa. Na ƙarfe sun fara ja. 'Yan mata biyu, ɗaliban Kawu na yanzu, suna tsugune cikin yayyafin suna zaro abin da zai zaru suna jerawa inda ruwa ba ya kaiwa. Ɗayarsu riƙe take da wani kwali da ya zama kamar tuwo, tana ƙoƙarin karanta abin da ke jiki.

Nawa yana can ƙasa. Na gane shi da mariƙinshi. Na ja shi waje, na juya shi ta kowane gefe. Ba rubutu. Shekara biyu yana rataye cikin 'yan'uwanshi, shi kaɗai ba baki.

Babbar cikin 'yan matan ta ce, "Yaya, a bar wannan a gefe. Malam ya ce kada kowa ya taɓa shi, mai shi ba ta gama ba."

Ban ce mata ni ce ba. Na ajiye bahon na nufi zaure.

Babban ɗan Kawu yana tsaye yana sallamar baƙi. Hatsi yake saye da sayarwa a Dutsin-Ma. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni 'yar mace, don haka tun muna yara ba a shiga tsakaninmu, duk abin da na ga dama ina faɗa mashi. Na jira baƙin suka fita.

"Alhajin hatsi, wa ya ce a zubar da bangon Kawu?"

"Baiwata, yau ma faɗan ne? Bari a yi bakwai mana."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. A kan ƙarfe za a zaunar da mutane? Shara ce. Na yi magana da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, bayan sadakar bakwai za su zo su kwashe."

A wurinmu, duk watan Cika-ciki 'ya'yan mace kan je wa 'ya'yan namiji karɓar kuɗin shara, wai mu ne bayinsu masu share masu gida. Wasa ne, amma ba a hanawa. Kuma a cikin watan muke. Na ce, "To bana riƙe kuɗinka. Tunda ni ce mai sharar gidanku, sharar nake so. A bar mani ita."

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Idonshi ya kaɗa.

"Ki kai ta ina? Ke da kika gudu? Ni ɗanshi ne. Asabar ɗinshi da Lahadinshi duk na 'ya'yan mutane ne. Bai taɓa rataya wani abu nawa a bangon nan ba, ko mai kyau ko marar kyau. Ke ya rataya naki, kika bar shi yana kallon ƙofa. Yanzu kin zo ki koya mani darajar ubana?"



Hajiya ta ji mu daga ɗakinta inda take zaman takaba. Ta aiko a kira mu. Ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma kallonshi in tana magana, don haka tabarma ta kalla.

"A faɗa wa mai gwangwan ya haƙura. Ko ƙusa ba za ta fita gidan nan ba sai na fita takaba. Da ƙarar ƙarfen nan na saba, kada a haɗa mani shiru biyu." Sannan ta ɗago ta dube ni. "Ke kuma, ɗiyata, wata huɗu da kwana goma ne. In rumfar na da mai ita, a gani kafin nan. In babu, wannan ya yi abin da ya ga dama, ba zan ce uffan ba."

Taubashina ya ce, "To, Hajiya." Ya fita bai dube ni ba.

Da la'asar Gwaggo ta yi shirin komawa Karofi. Kwana uku muna tsakar gida ɗaya ina kauce wa idonta. Na raka ta bakin titi don Inna ta ce in riƙe mata ƙunshi. Muna jiran babur na ce, "Gwaggo, waccan shekarar, me kika shuka?"

"Kawunki ya kawo mani iri. Bai kai nawa ba, amma ya tsira." Ta gyara mayafinta. "Ni ba irin ne ya dame ni ba. Buhun da yake sa ni ajiyewa ne."

"Wane buhu?"

"Kowace kaka sai ya zo ya ce in ware buhu guda kada in buga, wai za ki zo ki kalli hannuna. Kaka biyu ina ajiyewa, ƙwari na cinyewa. Bana in ajiye, ko in buga abina?"

Babur ya tsaya. Na taimaka mata ta hau, na miƙa mata ƙunshin. Kukan da ban yi ba ranar da aka kira ni, ban yi ba da na ga ɗakinshi babu shi, a bakin titin nan ya zo mani, gaban ɗan acaɓa.

Na ce, "Ajiye, Gwaggo."

Har yau ban san abin da ya fasa waken ba. Ko saurin juyi ne, ko tsakanin yatsun da raga ya yi ƙunci ga irin nata mai manyan ƙwaya, ko bushewa ce. Wanda ya sani ya tafi da amsarshi, kuma na san ko ya ƙara shekara goma ba zai faɗa ba. Allah ya yafe mashi faɗanshi, ya yafe mani bakina, ya sa abin da ya koya wa 'ya'yan mutane ya tarar da shi a kabari.

Bayan sadakar bakwai na ce wa mai shagonmu Asabar da Lahadi ba ni nan, in bai yarda ba ya nemi wata. Ni da 'yan matan nan biyu mun mayar da abin da ya tsira bango. Na kwali da suka narke ba yadda za a yi, sai dai na sa ana neman masu su ta waya, kowa ya faɗi layinshi in yana tune. Ni ba malama ba ce, na faɗa wa yaran. Abin da na iya shi ne in hana su tsallake hawa, don na san inda tsallaken ke kai mutum. Fayil ɗina na same shi a cikin aljihun tebur, kuma zan zauna jarabawar da ta wuce ni.

Gwangwanin fentin yana ƙarƙashin benci. Na sa sukuddireba na ɓalle murfin. Sama ya yi fata, na huda, ƙasa da sauran danshi. Na mayar na rufe da kyau.

Takabar Hajiya za ta ƙare daidai lokacin da ake roron wake. Kafin ranar zan je Karofi. Zan zauna gefen Gwaggo kwana uku tana bugu, da rula a hannuna, ba zan ce mata komai ba. In na gano, zan dawo in rubuta layin nan a jikin na bakwai, in rataye shi inda kowane sabon ɗalibi zai karanta. Sannan in ɗauki takarda in fara na takwas.